Rafli Da Ƙafa Yake Gani

A gasar unguwanni ta Daura, ko wasannin la'asar na Mai'adua, Sandamu da Zango, mutum ɗaya ne a fili ba shi da magoya baya: alƙalin wasa. 'Yan wasa 22 ne, 'yan kallo sun matso har bakin layi, kuma kowa gani yake ya fi rafli ido. A nan matashin da ya shiga shekararsa ta biyu da usur yake gane cewa haddace dokokin ƙwallo 17 somin-taɓi ne.

Shekara ta biyu ta fi ta farko ciwo. Da ana yi masa uzuri, sabon shiga ne. Yanzu uzuri ya ƙare, amma ba a gama yarda da shi ba. Masu rabon wasa sai su miƙa masa tuta ko wasan yara, manyan wasanni kuwa na tsofaffin hannu ne. Ƙarancin wasa kan jawo ɗari-ɗari, ɗari-ɗari ya jawo jinkirin busa, jinkirin kuma ya sa a ƙara jingine shi.

Abin da gwanaye suka sani shi ne, ƙarfin zuciyar alƙali daga inda ya tsaya yake fitowa. Ka lura da ƙwararre: ba ya bin ƙwallo kamar ɗan wasa. Yana ratsa fili ne a karkace, daga wannan kusurwa zuwa waccan, yadda wasa zai kasance tsakaninsa da mataimakinsa, ido biyu daga ɓangare biyu. Kusanci kaɗai ba ya wadatarwa. Wanda ke bayan ɗan wasa ba zai ga hannun da ya ja riga ba, amma taku uku zuwa gefe sai komai ya fito fili. Shi ya sa alƙalan manyan gasa kan yi gudun kimanin kilomita 10 a wasa ɗaya.

Sai kuma sanin lokacin yin shiru. An yi keta, amma wanda aka yi wa yana dab da raga, gwani sai ya miƙa hannu gaba ya bar wasa ya gudana, in wasan ya tsaya ya dawo ya ba da kati. Usur ɗinsa ma magana yake: gajeren busa na ƙaramin laifi, mai ƙarfi na muguwar taɗiya. In ya auna tazarar mita 9.15 a bugun tazara, sau ɗaya yake aunawa. Katin gargaɗi da jan kati, waɗanda Baturen Ingila Ken Aston ya ƙirƙiro aka fara aiki da su a gasar cin kofin duniya ta 1970 a Meziko, ba su ne makaminsa na farko ba. Kalma ɗaya a kunnen kyaftin kan kashe wutar da kati zai rura.

Tutar da matashi ke rainawa kuwa makaranta ce. Mai tuta dole ya daidaita da ɗan baya na biyun ƙarshe, idonsa a kan layi, kunnensa a kan ƙarar bugun ƙwallo, domin a wannan ƙiftawar ake yanke satar gida. Wanda ya iya wannan ya koyi yanke hukunci ba tare da waiwayen 'yan kallo ba.

Said Belqola na Maroko, ɗan Afirka na farko da ya busa wasan ƙarshe na kofin duniya a 1998, da waɗannan dokoki 17 ya yi aiki. Hanyar matashin Daura ita ce ya karɓi wasan yara da muhimmanci, ya iso fili da wuri, ya riƙe motsa jiki, bayan tashi ya tambayi na gaba da shi inda ya kamata ya tsaya. Masu rabon wasa ba marar kuskure suke nema ba. Suna neman wanda in ya busa, yana wurin da abin ya faru.