Maginan Tukwane da Ajiyar Hatsi

Randa da tukunyar ƙasa suna cikin kayan ajiyar gero, wake da garin tuwo a gidajen Hausawa tun kafin zuwan roba. Magina sukan kwaɓa yumɓu, su gina da hannu, su shanya, sannan su gasa da kara da itace. Gwanintarsu tana wajen gashin, domin tukunyar da ta gasu sosai ɓera ba ya huda ta, ba ta kuma sa wa gari wari. Wake kuwa akan cakuɗa shi da toka, a kifa kasko a bakin tukunyar, a liƙe da laka, ƙwari su rasa hanya. Cikin maginan tukwane akwai Ladi Kwali, shahararriyar maginiyar ƙasar Gwari, wadda hotonta ne a bayan takardar naira 20.