"Ku Tashi Ku Nemi Na Kanku": Nazarin Jawabin Siyasa a Katsina

Duk wanda ya taɓa tsayuwa cikin rana a filin Folo ranar gangamin siyasa ya san yadda jawabin yake tafiya. Ɗan takara zai gyara babbar riga, ya fara da kirarin gari: ga hasumiyar Gobarau, ga Kwalejin Katsina da ta yaye Sardauna da Tafawa Ɓalewa, ga shugabannin ƙasa biyu da jihar ta bayar. Jama'a su ɗauki sowa. Daga nan sai ya gangaro kan "gwagwarmaya", ya ƙare da kiran matasa su bar zaman kashe wando.

Kalmar gwagwarmayar nan ita ta fi shan wahala. A zamanin NEPU, wadda aka kafa a Kano a 1950, mai faɗinta ya san bulalar dogari da gidan yarin En'e. Yau wanda ya kwana uku a otal a Abuja yana neman tikiti, shi ma cewa yake ya yi gwagwarmaya.

Ba duk mai wannan salo ne mayaudari ba. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa bai iya kwarmato ba, ya kira kansa bawan jama'a, ya kuma bayyana kadarorinsa a fili a 2007, abin da ya ba maganarsa nauyi. Amma ko shi, burin da gwamnatinsa ta ɗauka na sa Nijeriya cikin ƙasashe 20 mafi ƙarfin arziki kafin 2020 ya tsaya a takarda.

Buhari ya fi kowa riƙe wannan salo, tun daga yaƙi da rashin ɗa'a na 1984 har zuwa "a koma gona". Da aka rufe iyakoki a watan Agusta 2019, aka ce mu ci abin da muka noma. Magana ce mai daɗin ji. Sai dai ɗan Jibiya ya wayi gari kasuwarsa ta mutu, manomin Batsari da Safana kuma bai ƙi gona ba, 'yan bindiga ne suka tare masa hanya. Ka ce wa irin wannan ya ƙara himma, ai ka ɗora wa raƙumi kaya ne kana zaginsa da lalaci.

Nan dabarar take. Jawabin yana ba mai mulki girman ƙasa ya yi ado da shi, ya bar wa talaka aikin da haƙurin. Idan aka ci nasara, hangen nesan shugaba ne. Idan aka faɗi, mutane ne ba su jure ba. Wannan "a ƙara haƙuri" ɗin aka sake jiyowa bayan cire tallafin mai a watan Mayu 2023.

Mai tura kurar ruwa a Ƙofar Ƙaura tun asuba yake kan titi, ba ya buƙatar a koya masa aiki tuƙuru. Idan mai neman ƙuri'a ya sake zuwa da wannan wa'azi, a tambaye shi nasa aikin da ya kammala, da kuma ranar da ya kammala shi.