Baƙin da Ke Hawa Kan 'Yan Gida: Fulani, Buzaye da Nasara a Borin Maraɗi

A fagen bori na Maraɗi, mace Bakatsiniya gaba da baya, wadda ba ta taɓa tatsar saniya ba, tana iya tashi daga tabarma ta koma Bafillatana. Mai goge ya sauya kiɗa, masu caki su bi shi, jikinta ya ɗauki rawa. In ta lafa sai a yafa mata zane, a miƙa mata ƙwarya, harshenta ya karye irin yadda kunnen Bahaushe ke jin Hausar Fulanin daji. Daga wannan lokaci har iskar ta sauka da atishawa, ba mai kiranta da sunan yanka. Ana durƙusa mata, ana gaishe ta da kirarin wadda ta hau ta, ana roƙonta lafiyar yaro ko zaman aure. A wannan fage ɗaya wani ya zama Buzu da rawani da takobi, wani ya zama Bagwari ya saɓa kaya a kafaɗa, wani kuma ya ƙame kamar sojan Nasara yana sara wa jama'a.

Malamai sun daɗe da yanke hukunci a kan bori, tun daga littattafan masu jihadi har zuwa wa'azin Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978 ta kuma yi ƙarfi ƙwarai a Maraɗi. Wannan hukunci sananne ne, ba shi nake son maimaitawa ba. Abin da ya ja hankalina shi ne me ya sa garin da aka gina a kan ƙin mulkin Fulani ya ba Fulani gida a cikin iskokinsa, gida mai daraja kuwa.

Sai an koma tarihi kaɗan. Birnin Katsina ya faɗa hannun masu jihadi wajen 1807, Umarun Dallaji ya zama sarki, zuriyar sarakunan Haɓe suka yi arewa. Bayan 'yan shekaru na yawo, Ɗan Kasawa ya kafa sarautarsu a Maraɗi wajen 1819, shi ya sa har gobe sarkin Maraɗi Sarkin Katsina ake ce masa. Gobirawa ma haka: bayan yaƙin Gawakuke na 1836, inda rundunar Muhammadu Bello ta ci su, suka kafa Tibiri dab da Maraɗi a bakin gulbi guda. Daga waɗannan garuruwa biyu aka yi ta kai hari kudu shekara da shekaru, sarkin Maraɗi Ɗan Baskore kaɗai ya hana Katsina barci tsawon mulkinsa. A fadojin nan biyu kuma bori bai zama abin ɓoyewa ba kamar yadda ya zama a ƙasashen da tutar Sakkwato ta rufe. Yana da kujera a cikin sarauta: Iya a Maraɗi, Inna a Tibiri, kowacce 'yar gidan sarauta ce, kuma ita ce uwar 'yan bori na ƙasarta. Ƙauyukan kwarin gulbi, irin su Jiratawa da ke kudu da birni, inda Anna manoma suka riga sarakunan zuwa, sun riƙe tsafin gidajensu na gado, wanda ake yi wa iskokin kakanni a gona da tsakar gida. Wancan tsafi na dangi ne, ba ya karɓar bare. Bori kuwa na birni ne da kasuwa, kowa na iya shiga in an yi masa girka, kuma iskokinsa ma daga ko'ina suke.

Masu nazari da suka zauna da 'yan bori sun lura cewa duniyar iskoki an tsara ta ne kamar duniyar mutane. Jacqueline Monfouga-Nicolas ta yi aikinta a nan Maraɗi ta buga shi a 1972, Fremont Besmer ya yi nasa a Kano ya buga a 1983. Abin da suka tarar ya yi kama: iskoki suna da birninsu, da sarki, da fadawa, da gidaje. Akwai Malam Alhaji, tsoho mai tari da tasbaha. Akwai Ɗan Galadima, ɗan sarki mai almubazzaranci da caca. Akwai kutare da makafi da mahauta. Sannan akwai gidajen baƙi: na Fulani, na Buzaye, na Gwari, na Arna masu giya, daga baya na Nasara. Wato duk wanda Bahaushe ya taɓa cin kasuwa da shi, ko ya yi yaƙi da shi, ko ya bautar da shi, ko shi ya bauta masa, an yi masa wuri.

To amma wane Bafillace ne wannan da ke hawa? In ka kai makiyayi na gaske daga Dakoro ya kalli wasan, da wuya ya ga kansa. Abin da zai gani shi ne Bafillacen da ke cikin kan Bahaushe: kunya mai yawa, son nono, sanda, kyau, da fushin da ba a ganin zuwansa. Buzun bori ma takobi ne da girman kai, Bagwarin bori ƙarfi ne da rashin wayo. Waɗannan su ne zantukan da ake yi a rumfar mai shayi, aka ɗinka musu riga. A nan bori bai fi barkwancin kasuwa zurfi ba, kuma bai kamata a ƙawata shi a ce wai makarantar fahimtar juna ce ba. Mai hawan Bafillatana ba ta koyi Fulatanci ba, ba ta san wahalar mashekari ba.

Inda abin ya bambanta shi ne wurin da aka ajiye iko. A wasan taubasantaka, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin gadon al'adun duniya da sunan Nijar a 2014, Bagobiri ya tsokani Bazabarme, Bafillace ya tsokani Babarbare, kowa yana tsaye a matsayinsa yana cewa ɗayan bawansa ne, a yi dariya a watse. A bori kuwa ɗan gida ne doki, 'yar gida ce goɗiya, baƙo ne mahayi. Shi ke ba da umarni, shi ake yanka wa akuya mai launin da yake so, shi ake saya wa tufafinsa a ajiye a ɗaki. Kuma ba a ɗauke shi abin wasa ba, domin yana cuta. Inna, wadda da yawa ke siffantawa da Bafillatana, ita ake jingina wa shanyewar ƙafar yaro, ciwon da har likitoci ke kira shan inna. Jikokin waɗanda suka gudo daga takobin masu jihadi sun ɗauki tsoron da suka gada suka ba shi suna, da abincin da yake so, da kiɗan da ke kiransa, da hanyar lallashinsa. Abokin gaba da ke bayan ganuwa ba ka da yadda za ka yi da shi sai yaƙi. Wanda ya hau kan ƙanwarka kuwa ana iya zama da shi a yi ciniki.

Wani abin lura kuma, ɗan bori ba ya cewa shi ya zaɓi ya zama Buzu. Cewa yake iskar ce ta kama shi, galibi ta hanyar ciwon da ya ƙi jin magani, ko ɓari a kai a kai, ko gado daga uwa ko kaka. In ta sauka ma yakan ce bai san abin da ya faru ba, sai an ba shi labari. Saboda haka tunanin zama wani ba nasa ba ne shi kaɗai. Na masu goge ne da suka haddace kiɗan kowace iska, na 'yan kallo ne da za su gane nan take in an yi kuskuren tafiya ko magana, na uwar girka ce da ta koyar. Gari ne gaba ɗaya ke riya baƙonsa, ya ari jikin mutum guda ya nuna shi. Wannan rashin ɗaukar alhaki kuwa yana da amfani ga mai rauni. Matar da ba ta isa ta ɗaga murya gaban mijinta ba, in Buzu ya hau ta sai ta yi tsawa, mijin ya sunkuyar da kai, gobe kuma ba wanda zai ce ta yi rashin kunya.

Iskokin Nasara su ne suka fi nuna yadda wannan ƙofa ke buɗe. An san lokacin zuwansu. Wajen 1925, a ƙasar Filinge, wata mata mai suna Shibo da mabiyanta suka fara hawan wasu sababbin iskoki masu fareti da sara da ba da oda, waɗanda ake kira Hauka ko Babule. Kwamandan Faransa Croccichia ya kama su ya kulle. Abin da ya biyo baya shi ne shi kansa ya shiga jerin iskokin da sunan Kwamanda Mugu. 'Yan ci-rani suka kai abin har Gwalkwas, inda Jean Rouch ya ɗauki fim ɗinsa Les Maîtres fous a Akra, aka nuna shi a 1955: ga gwamna, ga janar, ga kofur, ga matar likita, duk a jikin leburori da 'yan dako daga Nijar. Turawan Ingila suka hana nuna fim ɗin a can, ɗaliban Afirka a Paris ma suka ƙi shi don suna ganin ya zubar da mutuncin baƙar fata. Iskokin dai suka bazu gabas cikin ƙasar Hausa, har Kano, inda Matthias Krings ya yi nazarinsu a shekarun 1990 da sunan Turawa. Suna wasa da wuta, suna shan taba, suna magana da gutsattsarin Faransanci ko Ingilishi.

An yi ta gardama ko wannan ba'a ce ake yi wa mai mulki ko kuwa sha'awarsa. A ganina masu gardamar sun raba abin da 'yan bori ba su raba ba. Mai kallo yana iya dariyar yadda Kwamanda ke taku, ya kuma matsa kusa ya gaya masa damuwarsa, domin an yi imani wanda ya iya kama mutum ya ɗaure shi zai iya kama maye. Haka aka yi da Fulani tun kafin nan. Bature bai samu wani sabon matsayi ba, layin da ya tarar ya bi.

Sai dai kada a ɗora wa bori nauyin da ba zai iya ɗauka ba. A watan Oktoba na 1991, a Toda, cikin wannan jiha ta Maraɗi, rikicin manoma da makiyaya ya ci rayukan Fulani fiye da ɗari, yawancinsu mata da yara. Ƙasar da ake durƙusa wa Bafillatanar iska ita ce ƙasar da aka yi wannan. Girmama hoton baƙo a fage bai hana a far wa baƙon da ya shigo gona da shanu ba, watakila ma hoton da ke cewa shi mai haɗari ne ya taimaka.

Yau wasan ya ja baya daga manyan titunan Maraɗi zuwa cikin gidaje da ƙauyuka, kuma matasa da yawa ba su taɓa ganinsa ido da ido ba. Abin mamaki, iskokin ba su tafi ba. A wajen masu ruƙiyya, waɗanda suka fi kowa ƙin bori, in aljani ya yi magana ta bakin yarinya, tambayar farko da malam ke yi masa ita ce sunansa, da addininsa, da inda ya fito. Sau da yawa amsar ita ce shi ba ɗan nan ba ne, kuma ba Musulmi ba ne. Mai goge in ya ji haka kiɗan baƙon yake nema don a san yadda za a zauna da shi. Malam kuwa zaɓi biyu yake ba shi, ya musulunta ko ya fita.