Izinin Waliyyi da Gwajin Magani: Sharhi kan Yadda Malamanmu Suka Karanta Lamarin Trovan

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, a shekarar 1996 annobar sanƙarau ta afka wa Arewacin Nijeriya, ta kashe dubban mutane. Ana cikin haka kamfanin Pfizer na Amurka ya turo ma'aikatansa Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa na Kano, suka gwada sabon magani mai suna Trovan a kan yara kusan 200. An ba rabinsu Trovan, sauran kuma sanannen maganin ceftriaxone. Yara 11 suka rasu, wasu suka tashi da kurumta ko shanyewar gaɓoɓi. Kamfanin ya ce cutar ce ta jawo haka, kuma an nemi yardar iyaye da baki. Iyayen kuwa suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi. A 2009 aka yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba.

Manufar wannan sharhi ita ce duba darasin da malamanmu suka ɗauka daga wannan musiba. A 2003, zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau, Kano ta dakatar da rigakafin shan-inna, bayan Dakta Ibrahim Datti Ahmad na Majalisar Ƙoli ta Shari'ar Musulunci da wasu malamai sun yi zargin cewa an gurɓata maganin da sinadarin hana haihuwa. Tsoron jama'a yana da tushe, domin wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Sai dai kafin a dawo da rigakafin a Yulin 2004 cutar ta sake bazuwa, daga baya ta kai har Yaman da Indonesiya, yara da yawa suka shanye.

Kuskuren a nan na hanyar nazari ne. Sanin abin da ke cikin kwalbar magani aikin masana ɗakin gwaje-gwaje ne, kuma fatawa ba ta iya tabbatar da shi ko kore shi. Mas'alar da ke hannun malamin fiƙihu ita ce izini: wa ya bayar, me aka sanar da shi, a wane hali yake? Wannan ce ainihin ƙarar iyayen Kano, kuma ita ce ta fi ƙarancin samun kulawa a mumbarorinmu.

Alhali littattafanmu ba su bar wannan babi a rufe ba. Ibnul Ƙayyim, a cikin Zadul Ma'ad, ya kasa likitoci kashi biyar dangane da lamuni, ya kawo hukuncin cewa ƙwararren likitan da ya yi wa yaro aiki ba da izinin waliyyinsa ba, yaron ya halaka, lamuni ya hau kansa. Haka nan Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Jidda a 1992, shekara huɗu kafin abin da ya faru a Kano, ta shardanta yardar mai cikakken hankali kafin a yi binciken likita a kansa, yardar da babu tilas ko kwaɗaitar da matalauci a cikinta. Ta kuma hana yin irinsa a kan yara ko da waliyyansu sun yarda.

Wannan hani na ƙarshe ma yana buƙatar sake dubawa. Jikin yaro ba ya karɓar magani kamar na babba. In an rufe ƙofar gwaji gaba ɗaya, likita zai riƙa ba yara magani bisa kintace. Abin da ya fi dacewa da ƙa'idar cewa waliyyi yana aiki ne bisa maslahar yaro shi ne a halatta gwajin da ake kyautata zaton zai amfani yaron, da sharaɗin a sanar da uban cewa akwai sanannen magani, kuma ƙin yardarsa ba zai sa a juya wa ɗansa baya ba.

A ɗauki misalin manomi daga Rijiyar Zaki, wanda ya iso asibiti da ɗa yana fizge-fizge, aka miƙa masa takardar Turanci ya dangwala yatsa. Shin wannan izini ne a shari'a? Yardar da aka gina kan jahiltar abin da aka yarda da shi ba ta inganta ko da cinikin akuya, balle jikin ɗan Adam.

Nijeriya ta samar da kundin ƙa'idojin binciken lafiya a 2007, kuma manyan asibitoci suna da kwamitocin da ke tantance bincike. Ya wajaba jami'o'inmu su horar da ɗaliban da za su zauna a waɗannan kwamitoci da sanin fiƙihu da yadda ake gwajin magani, su dage a rubuta takardun izini da Hausa, da boko da ajami, a karanta wa uba a gaban shaida. Allah ne mafi sani.