Karin Magana Tsakanin Jeri da Muhalli: Franklin da Abubakar Imam

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala za ta duba yadda marubuta biyu suka sarrafa karin magana, wato Benjamin Franklin (1706-1790), ɗaya daga cikin iyayen ƙasar Amurka, da Alhaji Abubakar Imam (1911-1981), haifaffen Kagara ta Jihar Neja. Dukansu 'yan jarida ne, dukansu kuma arowa suka yi daga magabata. Abin tambaya shi ne, me karin magana ke rasawa idan aka raba shi da muhallinsa?

2.0 Tsokaci

Daga 1732 zuwa 1758 Franklin ya riƙa buga kalandar shekara mai suna Poor Richard's Almanack a Filadelfiya, yana cike gurabenta da karin maganganu. Yawancinsu ya tsinto ne daga tsofaffin kundayen Ingila, kamar na Thomas Fuller, ya rage musu tsawo, ya wasa bakinsu. A nan gwanintarsa take. Amma da ya tattara su cikin huɗubar wani dattijo a fitowar 1758, sai ya zaɓi masu yabon ƙwazo da tsimi kawai, hikima mai fuskoki da yawa ta koma nasihar tara dukiya. Shi kansa ya lura da raunin, domin ya rufe da cewa taron ya yaba huɗubar, sannan ya aikata akasinta.

Imam kuwa, a Magana Jari Ce (daga 1937), yakan ɗora karin magana a kan labari, labarin ya zame masa shaida. Mai karatu yana ganin wanda abin ya faɗa wa, da dalili.

Muhimmancin wannan a fili yake. Bahaushe ya ce "Sannu ba ta hana zuwa", ya kuma ce "A bari ya huce shi ke kawo rabon wani". A kan takarda, sun saɓa wa juna. A kasuwar Kuta kuwa, inda fatake Hausawa ke cinikin doya da manoma Gwarawa, ba su saɓa ba, don kowanne da lokacin da ake jefa shi.

3.0 Kammalawa

Kundaye irin na Merrick (1905) da Whitting (1940) sun tsare mana kalmomin. Aikin da ya rage wa manazarta shi ne rubuta wanda ya faɗa, da wanda aka faɗa wa, da abin da ya jawo maganar.