Saƙar bango: ta mai zane ce ko ta masaƙi?

A bakin zauren Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya akwai wata ƙatuwar saƙar ulu mai ɗauke da hoton Guernica. Duk wanda ka tambaya zai ce aikin Picasso ne, alhali a masaƙar Jacqueline de la Baume-Dürrbach aka saƙa ta a Faransa a 1955. Wannan ɗabi'a ta miƙa wa masaƙa zane su juya shi a zare, sunan mai zanen kaɗai ya fito, tsohuwa ce, kuma har yau ita ake yayi. Ko masana'antar saƙa ta Thiès da Shugaba Senghor ya kafa a Senegal a 1966, a kan wannan tsarin ta ginu. A ganina ana tauye wa masaƙi haƙƙi, kura da shan bugu gardi da kwashe kuɗi.

Hujjata tana Harraniya, wani ƙauye kusa da dalar Giza a Masar. A farkon shekarun 1950 wani magini mai suna Ramses Wissa Wassef ya tara yaran ƙauyen ya zaunar da su gaban masaƙa da sharuɗɗa uku: ba zanen da za a bi, ba kwaikwayo, kuma babba ba ya sa baki. Yaro yakan fara daga ƙasa yana hawa, dabino da raƙuma da tsuntsaye suna fitowa daga kansa kai tsaye, da zaren da aka rina da baba da saiwar itatuwa. Abin da ya riga ya saƙu ba ya gyaruwa sai an warware, don haka dole hoton ya zauna a zuci tun kafin hannu ya kai. Waɗannan saƙe-saƙe sun kai manyan gidajen baje koli na Turai da sunayen masu saƙa su.

Za a ce babban aikin da mutum biyar za su shekara a kai ba ya yiwuwa sai da zane. Haka ne, ban musa ba. Amma zane ba ya gaya wa masaƙi kaurin zare, ko launi nawa zai murɗa wuri guda don ya fitar da inuwar da fenti ya bayar da shafa ɗaya. Shi ke yanke wannan hukunci a kowane taƙi na aikin. Saboda haka ne in masaƙa biyu suka bi zane ɗaya, saƙarsu ba ta fitowa iri ɗaya. Tunda hannunsa na sauya hoton, sunansa ya cancanci zama kusa da na mai zanen a jikin bango da cikin takardar ciniki.