Naman Kazan Jikin Itace da Masu Ɗaukar Hotonsa a Sakkwato

Sukar da aka fi yi wa ɗaukar hoton naman kazan da ke fitowa a jikin mataccen itace ita ce wai aikin mutanen ƙasashen sanyi ne, inda gungumen fain da danginsa, wato itatuwan nan masu siririn ganye da ba ya kaɗewa, kan kwanta a daji shekara da shekaru yana ruɓewa ba mai taɓa shi, alhali Sakkwato gari ne da zafinsa kan haura digiri 40 a watan Afrilu, damunarsa kuma ba ta cika wuce wata huɗu ba. Rabin maganar gaskiya ce, domin fain ba ya cikin itatuwan ƙasar Sakkwato, sai an gangara gandun dajin Afaka kusa da Kaduna ko an hau tudun Jos ake samun wanda aka dasa. Sauran rabin kuwa rashin dubawa ne kurum, don duk wanda ya bi fadamar Kwalkwalawa zuwa Dundaye a ƙarshen Agusta yana lura da kututturen dogon yaro da bagaruwa da mangwaro zai ga ire-iren wannan naman kaza manne da itacen, masu tauri, da siffar rabin faifai.

Abin da ido ke gani ɗin ɗa ne kawai, ita kuwa ainihin halittar zare ce siririya da ke ratsa cikin itacen tana cinsa. Elias Fries na ƙasar Suwidin ne ya aza tubalin rarraba naman kaza rukuni-rukuni a 1821, Petter Karsten na Finlan ya ware rukunin Ganoderma a 1881, M. H. Zoberi ya fitar da littafinsa kan na ƙasashe masu zafi a 1972, sannan Leif Ryvarden da Inger Johansen suka wallafa nasu kan Gabashin Afirka a 1980. Tun da aka buɗe shafin iNaturalist na tattara hotunan halittu a 2008, aikin ya sauko hannun duk mai wayar da ke ɗaukar hoto.

Sai dai mafi yawan hotunan da ake ɗauka ba su da amfani ga mai son gane jinsi, saboda daga sama ake ɗaukar su, inda launi da sheƙi suke, alhali launi shi ne abu na farko da ranar Sakkwato da ƙurar hunturu ke cinyewa. Shaidar tana ƙasa. Ƙarƙashin naman kazan cike yake da ƙananan ramuka, kowane rami kuwa bakin bututu ne da ƙwayoyin iri ke zubowa ta cikinsa, kuma girman ramukan da siffarsu ba sa sauyawa da kakar shekara yadda bayan ke sauyawa. A rukunin Ganoderma ramukan ƙanana ne ƙwarai, wajen 4 zuwa 6 a milimita guda, farare, waɗanda da zarar an karce su da farce sai wurin ya koma ruwan ƙasa. A Hexagonia manya ne masu kusurwa shida da ake gani ba tare da gilashi ba. A Pycnoporus sanguineus, wanda ke son busasshen itacen da rana ke duka, ramukan ja ne kamar yadda bayan yake. Mai hoton da ya san aikinsa yakan durƙusa ya sa ƙaramin madubi a ƙarƙashi, ya jingina rula a gefen ramukan domin a iya ƙirga su daga baya, ya kuma zaɓi hantsi ko bayan la'asar, lokacin da haske ke zuwa a karkace yana fito da zurfin kowane rami, ba tsakar rana da ke shafe komai ba. Daga nan sai ya tsaga gefe ɗaya da wuƙa ya ɗauki cikin, inda a jinsunan da ke shekara da shekaru ake ganin bututun hawa-hawa, sabo a ƙarƙashin tsoho. Akwai ma wani abin da hoton nesa kaɗai ke nunawa: bututun dole su fuskanci ƙasa don irin ya zuba, saboda haka idan aka ga sabon tsiro ya fito a gicciye da tsohon, to itacen yana tsaye naman kazan ya kama shi, daga baya ya faɗi.

Masu aikin ɗakin gwaji kan ce duk wannan tsohon yayi ne tun da yanzu DNA ke raba gardama. Wannan magana ba ta da nauyin da ake ba ta, domin na'ura ba ta san a jikin wane itace aka ciro samfur ba, ba ta kuma san watan ba. Haɗarin da ya fi wannan shi ne na masu kwatanta hotonsu da na littattafan Turai su liƙa suna. Ganoderma lucidum na Turai ne, a Ingila aka fara bayyana shi a 1781, kuma ko wanda Sinawa suka daɗe suna nomawa da wannan sunan an ba shi nasa daban a 2012, wato Ganoderma lingzhi. Kiran duk mai jan sheƙi da ya fito a gindin dogon yaro da sunan lucidum ganganci ne, balle a jiƙa shi a sha don an ji ana tallar shayinsa.

Abin da ya fi komai daraja a hoton shi ne itacen kansa. Waɗannan halittu ruɓa iri biyu suke jawowa: wasu sukan cinye selulos su bar liginin, sinadarin da ke ba itace tauri, sai itacen ya yi ruwan ƙasa ya tsattsage gunduwa-gunduwa, wanda aka fi gani a fain, aikin irin su Fomitopsis pinicola, wasu kuma sukan ci liginin ɗin, sai itacen ya yi fari ya yi laushi zare-zare, kuma wannan ne aikin Ganoderma da Pycnoporus. Hoton da bai nuna ruɓar ba, bai kuma faɗi sunan itacen ba, ya zubar da rabin shaidarsa. Gane mataccen itacen da ba ganye ba ɓawo kuwa ba a aji ake koyonsa ba, yana wurin masu faskare da masassaƙan turmi, waɗanda da nauyi da wari da yadda gatari ke shiga suke bambanta ƙirya da marke. J. M. Dalziel ya tattara sunayen tsirrai na Hausa a 1916 daga bakin mutanen ƙasa, hanyar kuma ba ta tsufa ba.

A Sakkwato mataccen itace ba ya daɗewa, ko gara ta riga ko mai neman na girki, don haka hoton yakan zama shi kaɗai abin da ya rage. Ganoderma a gindin itace mai rai kuma alama ce ta ruɓewar saiwa, irin itacen da iskar farkon damuna ke kayarwa a kan gida. Ya dace Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da malaman gandun daji na jihar su buɗe ma'ajiyar irin waɗannan hotuna, kowanne da busasshen samfurinsa, da kwanan wata, da wurin, da sunan itacen yadda mai faskare ya faɗe shi.